Dogon Goran Malam Cindo

Tungar Baushe ƙaramin mazaunin masunta ne a gaɓar Kwara, tsakanin Lolo da iyakar ƙasar Benin. Mahaifin Malam Cindo ne ya fara kafa bukka a wurin, kuma a nan aka haifi Cindo da yatsa shida a hannun hagu, abin da ya ba shi laƙabin da ya danne sunansa na yanka. Bai yi boko ba. Ya yi karatun allo gwargwado, ya gaji su da sassaƙar jirgi, ya riƙe fadamar shinkafar da mahaifinsa ya sare. Har gemunsa ya yi fari bai taɓa yin wata guda cur a wajen tungar ba, kuma bai taɓa tunanin za a binne shi a wani wuri dabam ba.

Matarsa Kubura 'yar Madekali ce, garin Dandawa da ke tsallaken iyaka. Aure tsakanin wannan gefe da wancan ba abin labari ba ne a yankin, domin iyakar ta zo ne ta tarar da dangi a zaune, ta ratsa ta tsakaninsu. A wata shekara da kifi ya yi albarka, a farkon shekarun dubu biyu, su biyun suka je kasuwar Malanbil, can cikin ƙasar Benin, suka dawo da ƙaramar talabijin mai doro, wadda ke aiki da batirin mota. Tashoshin Najeriya ba su isowa tungar, Birnin Kebbi ta yi nisa. Ta Benin ce ke shigowa, kuma a cikin shirye-shiryenta akwai labarai da harshen Dandanci, harshen da Kubura ta sha a nono.

Kamun tasha a wancan zamani aiki ne na mutum biyu. Cindo ya ɗaure eriya a kan gora, ya kafa goran a bayan ɗaki cikin wani tsohon turmi. Shi yana waje yana murza goran a hankali, ita tana ciki ta zuba wa gilashin ido. Da farko ba a ganin komai sai ɗige-ɗigen fari da baƙi masu ƙara shuuu, waɗanda mutanen tungar ke kira tsaki. Yana murzawa tsakin yana raguwa, inuwar mutum ta fara bayyana, sai Kubura ta ɗaga murya: "Kaɗan! Ka wuce, Malam, komo! Tsaya nan!" Idan tsaki ya ƙi raguwa, maganin sananne ne: a ƙara wa gora tsawo, ko a ɗaura wa eriya murfin tukunya. Duk wanda ya taɓa riƙe talabijin a gaɓar nan ya san haka, kuma shekara da shekaru dabarar ba ta ba su kunya ba.

Daga baya Kubura ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar dama da hannun dama suka daina motsi, Hausar da ta yi shekara arba'in tana yi ta yi mata nauyi a baki, ya zamana Dandanci kaɗai ke fita da sauƙi. 'Yan'uwanta da ke zuwa dubiya suka ragu tun lokacin da aka rufe iyaka, ko da aka buɗe kuma ba su dawo kamar da ba. Abin da ya rage mata na gida shi ne wannan muryar da ke fitowa daga akwati bayan la'asar. Cindo yakan jingina ta da bango, ya kunna, ya ga fuskarta ta saki.

A cikin waɗannan shekarun ne wasu mutane masu bindigogi suka fara bayyana a dajin da ke tsakanin gulbi da iyaka. Ba a kiran sunansu, sai a ce mutanen daji. Suna yawo a kan babura, suna shiga ruga da tunga da rana tsaka, kuma babu abin da suka tsana kamar infoma, wato mai kai wa jami'an tsaro labarinsu. A wata tunga da ke gaba, an tafi da wani magidanci don kawai an saba ganinsa a kan tsamiya yana neman sabis na waya. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun daga nan mutane suka daina ɗaga waya sama a fili, mai son kira yakan bari sai ya shiga Lolo.

Ana cikin haka, wata rana Cindo ya kunna talabijin ya tarar da tsaki zalla. Ya murza gora gabas, ya murza yamma, babu ko inuwa. Ya canja waya, ya kai batir caji, duk a banza. A bakin 'yan kasuwa ya ji cewa tashar ta koma sabon tsari da ake kira dijital, wanda tsofaffin akwatuna ba su iya kamawa da kansu. Kubura kuwa bayan la'asar takan juya fuska wajen akwatin ta yi ta kallo, abinci kuma ya fara komawa kamar yadda aka kawo shi.

Ranar kasuwar Lolo ya je rumfar wani saurayi mai sayar da kayan lantarki, Muzammilu, wanda a haife jikansa ne. Muzammilu ya nuna masa sabuwar talabijin mai faɗi kamar faranti, Cindo ya ji farashi ya yi murmushi kawai.

"To, Baba, ba sai ka yar da tsohuwar taka ba," in ji Muzammilu. Ya jawo wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu biyu ba. "Wanga shi ne dikoda. Daga tsallake aka kawo shi, ba a biyan kuɗin wata. Wayar eriyarka ta shiga nan, wagga kuma ta hita nan ta shiga talabijin. Shi ke nan, tsohuwa ta koma budurwa."

"Kai, ɗan nema. Tawa tsohuwar da ke gida hwa, akwai nata?"

"Wannan sai Malanbil, Baba, nan ya ƙare."

Suka yi dariya. Muzammilu ya ɗauki rimot ya ci gaba da bayani da sauri, yana nuna wasu maɓallai, yana cewa sai an shiga nan, a sauka nan, a danna nan, sannan akwatin ya nemo tashoshi. A daidai lokacin wata mota mai lasifika tana tallar magani a bayansu, ga masu saye biyu suna jan rigar yaron.

"Ka gane, Baba?"

"Na gane mana," in ji Cindo.

Bai gane ba. Amma a tarbiyyar da ya tashi a ciki, dattijo ba ya sa sa'an jikansa ya maimaita masa magana a gaban jama'a, kuma a ransa yana ganin wanda ya yi shekara ashirin yana kama tasha ba ya bukatar darasi. Ya naɗe akwatin a cikin buhu ya nufi bakin ruwa.

A gida ya haɗa wayoyin daidai yadda aka nuna masa. Wata 'yar fitila ta kama a goshin dikodan. Tsaki ya ɓace, gilashin ya koma shuɗi fes, da wani gajeren rubutun Faransanci a tsakiya. Cindo ya fita ya kama gora yana murzawa, yana jiran muryar Kubura. Shiru. A tsohon tsari hoto yakan zo da kaɗan-kaɗan, mutum ya san ko yana matsowa ko yana nisa. A sabon kuwa, akwatin da ba a umarce shi ya nemi tasha ba haka zai zauna, ko da eriyar ta taɓo gajimare. Cindo bai san wannan ba, kuma babu wanda ya sani a tungar. Sai ya yanke hukuncin da kowane masuncin gaɓar zai yanke: gora ya yi gajere.

Ya ɗaura gora na biyu a kan na farko. Da bai ga canji ba ya ƙara da sandar tuƙin jirgi. Ya samo bututun ƙarfe na wani famfo da ya mutu ya yi gindi da shi, ya kira maƙwabta suka taya shi tayarwa, aka ɗaure shi ta kusurwa huɗu da igiyar taru. A can ƙoli ya ɗaura murafan tukunya guda biyu, sababbi, don kada a ce ya rage wani abu. Goran ya zarce duk wata bishiya da ke tungar. Idan rana ta daki murafan, masu jirgi sukan hango walƙiyarsu tun daga tsakiyar gulbi.

Mai unguwar tungar, Lawal, taubashin Cindo ne, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya zo ya tsaya yana kallon sama, hannu a goshi.

"Bawana, hasumiya kaka ginawa? Ko kiran salla za ka yi ma mutanen Kwatano?"

"Wa ab bawan wani? Tahi ka ba ni wuri, kai da ko rediyo ba ka iya kunnawa."

Lawal bai yi dariya ba. Ya matso ya rage murya.

"Cindo, bar wasa. Ka san abin da anka yi ma mutumin tsamiya. Shi waya ɗai garai. Kai ga ƙarhe bisa, ga abu na walƙiya, ga akwati mai huta. In sunka gani mi za su ce?"

"Talabijin ta, kowa ya sani."

"Mu mun sani. Su hwa?"

Cindo ya dubi ƙofar ɗakin da Kubura ke kwance, ya ce a ba shi 'yan kwanaki, hoto na gab da fitowa.

Tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Ƙarar injin ban-ruwa daga fadama takan sa ya ajiye gizago ya kasa kunne. Yara suka daina zuwa ƙofar gidansa, iyayensu sun hana. A masallaci ana gaisawa da shi a gajarce. Shi kuwa kullum bayan la'asar sai ya kama igiya ya karkata goran, yana fatan yau ce, domin ya san da zarar hoto ya fito yana da abin nunawa ga duk mai tambaya. Muddin bai fito ba, abin da ke gidansa dogon ƙarfe ne da akwati mai rubutun da shi kansa bai san ma'anarsa ba.

Fadimatu, Bafulatana mai kawo nono daga rugar da ke bakin daji, ita ta kawo labarin. Ta sauke ƙwarya, ta auna wa Kubura kindirmo, sannan ta yi magana tana kallon ludayi.

"Baffa, jiya sun biyo ta wurinmu sun sha ruwa. Sun tambayi mai abin nan da ke haske. Mun ce ba mu sani ba. Sun ce su za su sani."

Ba ta tsaya karɓar kuɗin nono ba.

Cindo ya miƙe nan take. Ya tafi wurin Lawal ya ce ya yarda a sauke. Sai dai abin da mutum shida suka tayar mutum ɗaya ba ya saukewa, in ba so yake ya faɗo a kan ɗaki ba, ga shi washegari kasuwar Lolo, mazan tungar duk sun ɗaure kifinsu. Aka tsayar cewa idan an dawo kasuwa za a taru a kwantar da shi. Cindo ya fasa zuwa kasuwar, ya zauna da matarsa.

Ranar kasuwar da hantsi ya ji baburan. Wannan karon ba injin fadama ba ne. Babura biyu ne, mutum huɗu, fuskokinsu naɗe da rawani, bindigogi rataye a kafaɗa. Ba su tambayi hanya ba, goran ya nuna musu. Matan tungar suka ja 'ya'yansu cikin ɗakuna, har kaji suka yi tsit. Cindo ya miƙe ya yi musu sallama.

Babbansu, wani siriri mai Hausar da ba ta yankin ba, ya daɗe yana kallon ƙolin goran.

"Tsoho, da wa kake magana da wannan?"

"Ba ni magana da kowa, ranka ya daɗe. Eriyar talabijin ta. Matata ba ta da lahiya, ita ka kallo."

"Talabijin. To, mu gani."

Suka shiga ɗakin su uku, ɗaya ya tsaya a ƙofa. Kubura tana jingine da bango, idanunta a buɗe. Cindo ya maƙala wayar batir. 'Yar fitilar ta kama. Gilashin ya yi shuɗi, rubutun ya fito.

"Ina hoton?"

"Bai zo ba tukuna."

"Tun yaushe?"

"Tun da na sawo shi."

"Wato ka tayar da ƙarfen da ake gani daga daji, ka ɗaure shi da igiya huɗu, saboda talabijin da ba ta nuna komai." Mutumin ya faɗi haka a hankali, kamar mai bitar karatu. Ya sauke bindigar daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu. "Wa ya ba ka akwatin nan? Soja?"

Cindo ya buɗe baki zai amsa. Ya ga cewa duk abin da zai faɗa gaskiya ne, kuma babu ɗaya da ke kama da gaskiya. Ya fara kalmar shahada a zuci. A lokacin ne Kubura ta yi magana da Dandanci, da muryarta mai nauyi, tana cewa a bar mata mijinta, shi ke juya ta, shi ke ba ta ruwa.

Ƙaramin cikinsu, wanda idanunsa kaɗai ake gani, ya juya ya amsa mata da Dandanci tsantsa, irin na gefen Madekali: "Yi shiru, Inna." Ya sunkuya ya karanta rubutun da ke gilashin, ya ɗauki rimot daga kan buhu, ya yi wata gajeriyar dariya.

"Tsohon nan bai sa shi nema ba," ya ce wa babban. "Irinsa ne a gidanmu."

Ya danna nan, ya sauka nan, ya danna. Wani layi ya fara tafiya a gilashin daga hagu zuwa dama. Babu mai motsi a ɗakin. Cindo ya zuba wa layin ido, ya san ransa na tafiya tare da shi. Layin ya kai ƙarshe, gilashin ya yi baƙi, sai ga mutum cikin kwat yana karanta labarai da Faransanci, hoto tas babu ɗigon tsaki, irin wanda akwatin bai taɓa nunawa ba tun da aka saye shi.

Cindo ya sulale ya zauna a ƙasa.

Babban bai mayar da bindigar kafaɗa ba, amma ya jawo kujerar tsuguno ya zauna. A gilashin ana nuna motocin soja a kan wata hanya mai jar ƙasa, da taswirar arewacin ƙasar. Ya ce wa ƙaramin ya fassara, ƙaramin yana fassarawa yana gyaɗa kai. Sun daɗe a haka. Da labaran suka ƙare ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ka yi gaskiya, tsoho, talabijin ce. Kuma tana da amfani. Kada ka sauke goran nan, za mu riƙa zuwa muna ganin labarai." Ya tsaya a bakin ƙofa. "In mun dawo mun tarar an sauke, mun san akwai wanda ka yi shawara da shi."

Bayan tafiyarsu talabijin ta ci gaba da magana. Cindo ya miƙa hannu ya zare wayar batir.

Da jiragen kasuwa suka dawo kafin faɗuwar rana, Lawal ya ji labari tun a bakin ruwa. Ya zo ya zauna kusa da taubashinsa, wannan karon babu zagi.

"In ka sauke, su kashe ka," ya ce. "In ka bari, gidanka ya zama mazauninsu, ranar da soja sunka ji, kai na ɗan gidansu. Ko ta ina kai ne infoma."

"To mi zan yi, Lawal? Nan anka haihe ni. Ga kabarin tsohona can."

"Na sani, tare munka gina shi. Ka ɗauki Kubura ka kai ta asibiti Bagudo. Ba ƙarya ba ce, ba ta da lahiya. Ka bar gora tsaye, ka bar akwatin inda yake, ka bar ƙohwa buɗe. In sun zo in ce ciwo ya tashi."

"In koma yaushe?"

Lawal ya miƙe ya nufi gida.

Da safe aka shimfiɗa tabarma a cikin jirgin da Cindo ya sassaƙa da hannunsa, mutum biyu suka ɗauko Kubura suka kwantar. Bai ɗauki komai ba sai tufafi da gizagonsa, don kada kayan su yi kama da na ƙaura. Mutanen tungar ba su taru rakiya ba, kowa ya yi sallama daga ƙofarsa. Da jirgin ya kai tsakiyar ruwa Kubura ta tambaye shi da Dandanci ko Madekali za su. Ya ce a'a.

Sun yi 'yan kwanaki a asibiti, daga nan suka sauka a gidan 'yarsu Sa'adiyya da ke aure a Lolo, a wani ɗaki da a da ake ajiye buhunan shinkafa. Mutanen tungar sun saɓa a kan sau nawa mutanen daji suka koma gidan. Abin da suka haɗu a kai shi ne sun koma, kuma da batirin ya mutu sun kawo nasu. Gidaje uku da ke maƙwabtaka da na Cindo sun tashi kafin damina ta faɗi. Fadamarsa Lawal ne ya shuka ta, ya aiko masa da rabonsa.

Yanzu Malam Cindo yana gyaran taru a wata inuwa kusa da mashigar jirage ta Lolo. Masu ba shi aiki sun san shi da kyawun ɗinki da ƙarancin magana. Duk ranar kasuwa yakan ajiye aikin tun hantsi ya tsaya a bakin ruwa, har jirgin Tungar Baushe ya iso. Yakan bari Lawal ya sauke kifinsa, su koma gefe inda babu kunne, sannan ya yi tambayar da yake yi kowane mako.

"Ana tambayata?"

A kasuwar da ta wuce Lawal ya dubi hagu da dama kafin ya amsa.

"An tambaya. Sun ce ciwon matarka ya daɗe."